Yatsu Nawa, Kawu?

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya. Ranar Lahadin da ta wuce, ana idar da sallar asuba, ya cika a ɗakinsa a Fezzan. Kafin rana ta yi zafi mun kai shi mun dawo, an baza tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Jama'a kam sun zo. In na ce rabin Maiduguri ta hallara za ku ce na fara halin nawa, to mu bar shi a kashi ɗaya cikin uku, ragowar cunkoso ya tare su a hanya. Wani dattijo daga Gomari ya dogaro sandarsa ya zauna, ya yi mana wushe, gaisuwar Barebari, ya ba mu haƙuri, aka shafa fatiha, sannan ya wangale baki ya nuna mana wani gurbi a sama.

"Kun ga nan? Lamba Biyar ne ya cire min shi. Da ƙeya fa, ko waiwayowa bai yi ba. Allah ya jiƙansa, shekara arba'in ina tauna da gefe ɗaya saboda shi."

Muka ce amin, kowa yana danne dariya kamar mai danne atishawa a sahun gaba. Samarin unguwa kuwa, waɗanda ba su san shi ba sai a tsohon nan mai korar mutane daga inuwarsa da sanda, suka gaisa a gurguje suka tashi. Maƙwabcinmu ya ce, "Mutumin kirki ne, amma dai a ƙarshe-ƙarshen nan..." ya bar maganar a rataye ya kama jan carbi.

Wadda ta tsaya min a rai ita ce ta wasu mutum biyu a bayana. Suna ganin ƙasa-ƙasa suke yi, ba su san kunnen direban keke-napep ba, mu da muke tsintar tsegumin fasinja ta cikin ƙarar inji.

"Gola bai zo ba ko?"

"Ina zai zo? Shekara bakwai ko gaisawa ba sa yi."

"Kai, abin tsoro. Mutum ya tafi da haƙƙin wani a wuyansa."

Ta wani gefen suna da gaskiya. Da liman ya juyo kafin a yi masa salla ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa, sahu gaba ɗaya ya amsa da mun yafe. Amma mutum ɗayan da kowa ya san Kawu ya ɓata wa da gaske, wanda yafewarsa ake jira, ba ya wurin. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da rabona da biro tun jarrabawar da na faɗi. Ba na so a tuna Kawu da sanda da mari kawai, kuma akwai abin da mutanen nan biyu ba su sani ba.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa wankin hula. Rumfarsa tana bakin layinmu, huluna jere a kan guntayen itace suna shan rana, kamar taron alhazai da suka nutse a ƙasa sai kai. Bai taɓa rubuta sunan kowa ba. Ya ɗaga hula ya leƙa cikinta ya ce, "Wannan ta mai goro ce, kansa ya karkata hagu." Duk kan da ke Fezzan ya san girmansa, ya san inda yake zufa, yana lallaɓa shi. Kai ɗaya ne bai taɓa tausaya wa ba, nasa.

Don da yamma in ya rufe rumfa wani mutum yake komawa. Lamba biyar na ƙungiyar unguwa, ɗan baya. 'Yan wasan yanzu da ƙwallonsu mai kama da balan-balan ba za su gane ba. Ta lokacin fata ce, da ɗinki a jiki kamar an yi mata tiyata, in ta sha ruwan damina kuwa turmi ne ake jefo maka daga sama. Kowa kaucewa yake da dabara, ya yi kamar takalminsa ne ya kwance. Kawu shi zuwa yake ya tarye ta da goshi. A buga a Fezzan, matan Gomari su fito kwashe shanya suna cewa hadari ya taso. Ni da idona, ina kan reshen darbejiya, na ga jirgi ya taso daga filin jirgi, ya hango Kawu a fili, ya ƙara sama. Wanda bai yarda ba ya je ya tambayi matuƙin.

Maganarsa kullum, "Ƙafa kowa yana da biyu, ni kai aka ba ni." In kuma ya yi karo da wani ya tashi yana layi, sai ya ce, "Taurari ne suka leƙo, suna gaishe ku. Yanzu za su koma."

A bayansa, cikin raga, akwai Baba Gola. Yana da sunansa na gaskiya, amma ko matarsa Gola take ce masa in ya ba ta haushi. Mutumin kudancin Borno ne, Kirista, malamin firamare, siriri kamar rake. Ya shigo Maiduguri da akwati ɗaya, ya ƙare a Jiddari Polo da gida da jikoki. Shekara goma sha wani abu Kawu yana tsaye a gabansa. Gola yakan ce duk wasannin da ya yi, sau uku kacal ya taɓa ƙwallon kona, wato bugun kusurwa, da hannunsa, "sauran Lamba Biyar ya yi kalaci da su."

To ga yadda ake yi a lokacin in mutum ya faɗi. Babu likita, babu gadon ɗauka. Koci ne zai rugo da bokiti, ya sheƙa maka ruwa a ka, ya zaunar da kai, ya yi maka tambaya uku. Sunanka? Unguwarku? Sai ya ɗaga hannu, yatsu nawa? Ka ci duka ka koma fili, ka faɗi ɗaya ka koma benci. Suna da unguwa ba sa ba Kawu wuya, bakinsa ya haddace su ko shi ba ya nan. Yatsun ne matsala. Ya taɓa gaya min, "In koci ya ɗaga uku, ni garke nake gani, har da 'ya'yansu."

Sai suka yi dabara shi da Gola. Da zarar Kawu ya zube, Gola zai baro raga ya zo ya tsaya bayan koci kamar mai jimami, sai tari ya kama shi. Yatsu biyu, tari biyu. Yatsu huɗu, tari huɗu. Kawu ya karkata kunne ya ƙirga, ya ce "Huɗu!" da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Koci ya dafa kafaɗarsa, fili ya ɗauki ihu, ya koma ya sake sa kan. Wata rana a wasa da 'yan Gomari sau uku aka yi wannan a yammaci ɗaya. Koci har jiƙo ya kawo wa Gola daga gida, wai wannan tarin naka ya kamata a duba shi.

Mu a lokacin jarumta muke gani. Abota muke gani, kuma har ga Allah abotar ce.

Da gwiwa ta gaza suka ajiye takalma, amma ba su ajiye juna ba. Kowace Asabar Gola zai zo rumfa a kan tsohon basukur ɗinsa, keken ƙafa, su kunna rediyo su zagi 'yan wasan zamani. Da Sallah shi ke fara cin hantar ragon Kawu. Da Kirsimeti kuwa Kawu zai wasa wuƙarsa tun jajibere, ya naɗe ta a tsumma, ya tafi Jiddari Polo ya yanka musu akuya, don maƙwabta Musulmi su ci hankali kwance. Shekara talatin babu wanda ya yi yanka a gidan nan sai shi.

Shekarun da gari ya ɗau zafi, da aka wayi gari unguwar su Gola ba ta zaunuwa, Kawu bai yi shawara da kowa ba. Ya sa na kwaso su a keke, sawu biyu, shi da Mama matarsa da iyali. Ya ba su ɗakinsa ya koma rumfa da kwana. Ya zaro hular wani alhaji daga kan itace ya kifa wa Gola, ya ce, "In za ka leƙa waje ka sa wannan." Sati biyar, kullum da hular da Gola yake fita da ita. Bai taɓa yin kyau irin na lokacin ba. Har durƙusa masa ake yi, shi kuma yana amsawa da lale-lale kamar wanda ya gaji sarauta.

Rikicewar Kawu ta fara ne daga hulunan. Wata Juma'a Kawu ya ba mahauci hular liman, ya ba liman ta mahauci. Muka sha dariya, don liman ya fito hula ta rufe masa gira. Sati na gaba ya sake. Daga nan sai ka same shi riƙe da hula yana leƙa cikinta, shiru, ya daɗe, kamar mai duba rijiya. Ciwon kai ya zama abokin zama. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba ya koma faɗa da kaji. Aka ce tsufa ne, alhali sa'o'insa suna nan garau. Aka ce hannu aka sa masa. Ya sha hayaƙi har sauro ya yi ƙaura daga layinmu.

Sai Kirsimetin nan, shekara bakwai ke nan. Ni na kai shi. Ya yanka akuya lafiya, ya wanke hannu, aka kawo masa shayi. Gida cike, surukan Gola sun zo daga ƙauye, ga mutanen cocinsu. Kawu ya shafa aljihu ya ce ina wuƙarsa. Aka duba ba a gani ba. Ya miƙe, idonsa ya juya, irin idon da ban san shi da shi ba, ya nuna Gola.

"Kai ka ɗauka. Ɓarawo. Dama tun da can na san halinka."

"Lamba Biyar, ni ne fa." Gola yana murmushi, ya zaci wasa ne.

Marin da ya sauka, sai da tabarau ɗin Gola ya faɗa cikin bahon nama. A gaban surukai, a gaban jikoki, malamin da ya koya wa rabin Jiddari Polo karatu. Gola bai rama ba. Ya ɗauki tabarau ya goge da bakin riga, ya je ya buɗe ƙofar gida ya tsaya a gefe. Da muka iso Fezzan Kawu zai sauka na ga wuƙar. Tana soke a ƙugunsa ta baya, naɗe a tsummanta, inda ya saba sa ta.

Washegari bai tuna komai ba. Inna ta gaya masa, ya ce sharri ake masa, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta. Muka je ba da haƙuri ni da ita, Gola ya karɓe mu a tsaye, ya ce, "In yana da magana ya zo da bakinsa." To ta yaya mutum zai nemi gafarar abin da ya rantse bai yi ba? Kowace Asabar sai Kawu ya goge benci ya kunna rediyo, ya tambaye ni, "Wai Gola lafiya? Me na yi masa ya ɗauke ƙafa?" Kowane jajiberen Kirsimeti sai ya hau neman dutsen washi, mu kuma mun riga mun ɓoye duk wuƙaƙen gidan, har albasa sai a maƙwabta ake yankawa.

Wadda ta warware mana ita ce babbar 'yarsa, taubashiyata, nas ce, tana aure a Gomari. Bara ta gaji da hayaƙi ta ɗauke shi zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ta ce da ya gama dubawa tambayarsa ta farko ita ce, "Baba ya taɓa yin dambe?" Ta ce a'a, ƙwallo. Ya ce da kai? Ta ce da me kuma.

Ina dawo da su a keke na ce ta fassara min.

"Bawana, kanka zai ɗauka kuwa?"

"Wa ye bawanki? Ke dai yi bayani, ki bar Turancin a asibiti."

"To ka san 'yan sintirin unguwa?"

"Ɗan Maiduguri kike tambaya?"

Ta ce ƙwaƙwalwa ma tana da nata, na garkuwar jiki, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zaune a cikinta suna zagaye shiru. In aka bugi kai, ko da ba a suma ba, ko da jini bai fita ba, akwai 'yan abubuwan da ke tsinkewa a ciki. Sai 'yan sintirin nan su fito, su tare hanya, su kwashe abin da ya lalace. Wurin ya ɗan kumbura ya yi zafi, kamar yadda yatsa ke yi in ka buge shi. Wannan aikinsu ne, kuma alheri ne. In aka bar su suka gama, sai su ajiye gora kowa ya koma gida.

"To ina laifin?"

"Laifin in ba a bar su sun gama ba. Suna tsakiyar aiki aka sake bugawa. Jibi aka sake. Sati mai zuwa aka sake. Ka taɓa ganin ɗan sintirin da ya yi wata bai runtsa ba?"

Na ce na gani, har ya taɓa sa ni tsallen kwaɗo a ƙofar gidanmu, alhali layi ɗaya muka tashi.

"Yauwa. Haka suke komawa. Ba sa ƙara ajiye gora. Ƙaramin motsi su taso da ƙarfin da ya fi na da, su daina bambance ɓarawo da mai gida, su riƙa dukan lafiyayyun ƙwayoyin da aka sa su gadi. Katangar da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ma takan yi rauni, na waje su shigo taya su, abu ya ƙara rikicewa. A haka shekara da shekaru, a hankali, mutum yana wankin hularsa bai sani ba."

Ta ce likita bai rantse ba. Ya ce akwai shekaru, akwai hawan jini, masu bincike ma har yanzu ba su gama gano abin ba, kuma ba duk wanda ya sa kai ne yake ƙarewa haka ba. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne komawar nan nan take. Da ana barinsa ya huta har kan ya daina ciwo, taurari su daina leƙowa, ko da makonni ne, da 'yan sintirin sun samu sun koma gida.

Kawu yana gefenta yana kallon titi. Ya taɓo ni ya ce, "Direba, ka bi ta Jiddari Polo mana." Direba ya ce min. Ni da ya sha ɗorawa a wuyansa zuwa fili.

Washegari da hantsi na tafi wurin Gola da murnata, ina ganin na samo maganin gabar. Na same shi yana ba kaji tsaba. Na zauna na zuba masa bayani, har na ƙara gishiri, 'yan sintirina sai da suka kai dubu. Na ce, "Baba, ka ga ba shi ne ya mare ka ba. Ciwo ne."

Ya ci gaba da watsa wa kaji tsaba. Sannan ya ce, "Makonni ta ce?"

"Makonni, Baba."

"Mu minti biyu muke ba shi."

Ya zube sauran tsabar a ƙasa, ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Na fito ina ƙunƙuni. Na gaya wa Inna girman kai ne ke damun tsohon nan, an kai masa hujja har gida ya ƙi. Sau uku ina komawa ana ce min yana barci. A na huɗun Mama ta biyo ni har bakin keke.

"Ɗana, ka daina zaginsa a ranka, ina gani a fuskarka. Ba fushi yake ba. Tun ranar da ka zo, abinci sai na yi da gaske. Cewa yake shi ya yi tarin. Wai da wane ido zai kalle shi."

Na je in wanke tsoho ɗaya, ashe na ɗora wa ɗayan kaya.

Sati uku kafin ya rasu Kawu ya zame a banɗaki, kan nan dai ya sake buguwa. Aka kwantar da shi a asibiti. A lokacin ya yi watanni bai gane kowa ba. A bakinsa Inna ta zama baiwar Allah, 'yarsa ta zama malama. Taubashiyata ta ja ni gefe, ranar babu bawana babu wasa, ta ce in akwai wanda ya kamata ya gan shi a kawo shi yanzu.

Na tafi Jiddari Polo. Wannan karon ban tsaya a tsakar gida ba, sai ƙofar ɗakinsa.

"Baba, na zo ɗaukarka."

"Ba na jin daɗi."

"Asibiti za mu, ka ga an dace. Keke yana waje ban kashe ba. In ka ƙi fitowa zan zauna a nan in ba jikokinka labarin ƙwallon da ta wuce ta tsakanin ƙafafunka a wasan Gomari, in ƙara mata biyu."

"Ɗaya ce, mara kunya. Kuma rana ce ta kashe min ido."

"To fito ka gaya musu da kanka."

Ya fito. Mama ta ɗaura masa agogo.

Mun shiga ɗakin daidai likita yana zagayen safe. Likitan ya tsaya a gaban gadon, Gola ya raɓe a bayansa jikin bango. Likita ya haska idon Kawu da 'yar tocila, ya ce, "Baba, ya sunanka?" Kawu ya faɗa. "Wace unguwa kake?" "Fezzan." Bakin nan bai manta haddarsa ba. Sai likita ya ɗaga hannu.

"Yatsu nawa, Baba?"

Kawu ya kalli yatsun. Ya ƙifta ido. Sai na ga ya karkata kai gefe, ya miƙa kunne, idonsa ya tsallake kafaɗar likita. Ina kallon maƙogwaron Gola ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, ya sa hannu ya toshe bakinsa.

"Gola," in ji Kawu. "Yi tarin mana. Lokaci yana tafiya."

Inna ta zauna a ƙasa, a nan inda take tsaye. Likita ya waiwaya, bai gane komai ba. Gola ya matso ya kama ƙarfen gado.

"Ba zan yi ba, Lamba Biyar."

"Kai, za a fitar da ni fa."

"A fitar da kai ɗin. Ka zauna a benci ka huta. Tun tuni ya kamata."

"To wa zai tare maka kona?"

"Zan iya da su. Ai na taɓa yi sau uku."

Kawu ya yi dariya, irin ta da, wadda kafaɗunsa ke rawa. Ya kama hannun Gola ya ce, "Ka daɗe ba ka zo ba. Na yi maka wani abu ne?"

Gola ya sunkuyo kusa da shi.

"Ka yi, na yafe, duniya da lahira. Kai ma ka yafe min."

"Me ka yi?"

"Tari."

"Kai dai, Gola. Na yafe. Ka dai riƙa shan jiƙon koci."

Bai ƙara gane kowa ba bayan wannan, har aka sallamo shi gida, har ranar Lahadi.

Abin da mutanen nan biyu na bayana ba su sani ba ke nan. Ba su kuma san Gola kashe wayarsa yake tun kafin ya fita coci ba, mu kuma ba ma jinkirta gawa. Na kira har babban yatsana ya yi kanta. Sai bayan azahar ya sami labari. Gab da la'asar sai ga shi ya shawo kwanar layi da ƙafa, da kwat ɗin cocinsa, Mama tana biye. Ya cire takalmi, ya je gaban liman ya durƙusa.

"Malam, an ce ka yi tambaya da safe ba na nan. Babu komai tsakanina da shi sai alheri. Mun yafi juna, ga shaida nan."

Ya nuna ni. Karo na farko a rayuwata da aka kafa hujja da maganata kuma aka yarda.

Na matsa masa ya zauna a wurin dangi, masu zuwa suna masa gaisuwa kamar yadda suke mana. Dattijon Gomari mai gurbin haƙori, wanda tun safe bai tafi ba don ya ji ƙanshin shinkafa, ya ƙura masa ido, ya ƙura, sai ya daki cinya.

"Gola! Kai ne? Wai tarin nan naka ya warke kuwa? Duk Gomari mun san shi fa, kocinku ne kawai bai sani ba. Mu ma ƙirgawa muke."

Gola ya cire tabarau ya goge da bakin kwat.

"Ya warke," ya ce. "Sati uku ke nan."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba kan nan hutun da mu ba mu ba shi ba. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.